Numfashin Tanki

Mun baro Goronyo da buhu ɗari uku na albasa,
hantsi bai gama dubawa ba,
Labbo na gefena yana gyangyaɗi, hula a fuska.
Dab da Acida ta yi tari sau biyu,
irin tarin tsohon da yaji ya sarƙe.
Na ba ta wuta, ta ƙi karɓa,
ta ja jiki zuwa gindin wata bedi, ta yi shiru.

Shirun babbar mota ba irin na kowa ba ne.
Sai ka ji ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa,
ka ji kurciyar da inji ya hana ka ji tun safe,
ka ji kuɗin Alhaji Namadina suna gumi cikin buhu.

Na murɗa makulli. Ta juya, ta juya,
kamar mai laluben sunan da ya ɓace masa a baki.
To, batir da ransa. Sitata da ranta.
Allura ta ce gas ya kai rabi.
Ban yarda ba, ta sha yi mini ƙarya,
na ƙwanƙwasa tanki da sifana,
ya amsa da muryar wanda ya ƙoshi.

Labbo ya ce, "Oga, wai ba ledar nan..."
Na ce, "Rufe mini baki, miƙo sha bakwai."

Na kwance filta, na tsiyaye cikin gwangwanin madara,
na ɗaga wa rana,
ko 'yan bumburutun Wurno sun haɗa ni da ruwa.
Tas yake. Na nemi gafararsu a zuci.
Na sassauta noti, na hau danna famfo
har babban yatsa ya yi bororo.
Kumfa. Kumfa. Tofi kaɗan, sai kumfa.
In na kori iska ta nan, ta dawo ta can
kamar mai bin bashi da ya san ƙofar baya.
Na kwanta rigingine bisa ƙasa mai zafi,
na bi tiyo taƙi bayan taƙi ina neman tsaga.
Babu.

Azahar ta same ni da baƙin hannu.
La'asar ta zo, albasa ta fara magana.
Waya ta yi kuka sau tara a aljihu, na bar ta ta gaji.

Mai shayin bakin hanya ne ya kira Jaɓɓi.
Ya zo bisa babur, kayan aikinsa kaf
cikin tsohon buhun simintin Kalambaina.
Bai ko dubi inji ba.
Ya zagaya motar, hannu a baya, kamar mai tayin saniya,
ya tsaya a bakin tanki.
"Wa ad ɗaure wanga?"

Ni ne. Shekaranjiya aka sace murfin a tasha,
na ninka leda huɗu, na naɗe da robar taya,
na ja tam, har ina yaba wa kaina.

Ya sa wuƙa.
Tanki ya ja numfashi, dogo,
irin na yaron da ya taso daga ƙarƙashin Rima.

"Direba, abin da ka ɗiba ciki,
sai ka bar iska ta zamna gurbinai.
In ka toshe mai baki, ba shi ba ka komi."

Danni ashirin, gas ya zo babu kumfa.
Na murɗa. Ta yi gurnani, ta tofar da baƙin hayaƙi,
awakin Acida suka watse.
Dubu biyar ya karɓa, bai ko wanke hannu ba,
don bai ɓata shi ba.

Muka kama hanya, tsumma sako-sako a bakin tanki.
Labbo bai yi barci ba, bai kuma ce uffan ba.
Sai da fitilun Sakkwato suka fara ɓullowa
na ce, "Me ka so faɗi ɗazu?"

Ya dubi taga.
"Na manta, Oga."

Na rage wuta a kwana.
Na sauke gilas, wai don warin albasa.